Kwamfutar Kwantam: Tushenta, Amfaninta da Matsalar Faɗarta da Hausa

Gabatarwa

A watan Mayu na 1981 aka yi wani taro na masana fizikis da masana lissafi a ƙarƙashin Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, a ƙasar Amurka. A wurin wannan taro ne Richard Feynman ya kawo wata matsala wadda ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya. Matsalar kuwa ita ce, duk sa'ad da aka nemi kwamfuta ta lissafta yadda ƙwayoyin zarra suke mu'amala da junansu, aikin yakan riƙa ninkuwa da ƙarin kowace ƙwaya ɗaya, har ya gagari kowace irin na'ura komai girmanta. Shawarar da ya bayar mai sauƙin faɗa ce: tun da abin da ake son kwaikwayo dokokin kwantam yake bi, to a ƙera na'urar lissafi wadda ita ma waɗannan dokoki take bi. An buga jawabin nasa a 1982. Kafin shi, a 1980, Paul Benioff a Amurka da Yuri Manin a Tarayyar Sobiyet sun riga sun taɓo irin wannan tunani, sa'an nan a 1985 David Deutsch na Jami'ar Oxford ya bayyana yadda tsarin irin wannan na'ura zai kasance a lissafce.

Yau batun ya fito daga zauren masana ya shiga labaran rediyo da jaridu, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 ta zama shekarar kimiyya da fasahar kwantam, kuma ƙasar Ghana ce ta gabatar wa babban zauren majalisar daftarin ƙudurin a 2024. Wannan ya sa malamin Hausa da mai fassara ba su da makawa sai sun faɗi abin da harshensu. Haɗarin da ke nan shi ne, bayanin da ya fi yawo game da wannan na'ura, watau cewa tana gwada dukkan amsoshi a lokaci guda, bayani ne gurgu, kuma idan aka ƙirƙiri kalmomin Hausa a kansa, gurguntar za ta zauna cikin harshen, ta yi wuyar cirewa.

Asalin kalmar

Kalmar kwantam daga Latin ta samo asali, inda take da ma'anar “nawa?” ko “gwargwadon me?”. Ta shiga ilmin fizikis ne bayan 1900, lokacin da Max Planck na Jamus ya nuna cewa abu mai zafi ba ya fitar da makamashi kamar kwararar ruwa, sai dai ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi da ƙayyadadden awonsa. Albert Einstein ya faɗaɗa wannan ga haske a 1905, kuma a tsakanin 1925 da 1926 Werner Heisenberg da Erwin Schrödinger da Max Born suka kafa lissafin da ake amfani da shi har yanzu. Ana iya cewa “ƙunshi” ko “ƙwaya” a madadin kalmar, amma ta riga ta zarce ma'anarta ta farko, ta zama sunan fanni sukutum, don haka aro ya fi dacewa da ita, kamar yadda aka ari lantarki da kwamfuta.

Daga bit zuwa kubit

Kwamfutar da aka sani tana ajiye komai ne da alamu biyu, 0 da 1, kuma kowane gurbi mai ɗauke da ɗaya daga cikinsu shi ake kira bit, kalmar da ta yaɗu ta hanyar rubutun Claude Shannon na 1948. Wannan ba baƙon tunani ba ne ga ɗalibin ilmin tsarin sauti. Tun aikin Jakobson da Fant da Halle na 1952 ake siffanta sautuka da siffofi masu fuska biyu: /d/ mai ziza ne, /t/ marar ziza, haka /g/ da /k/, haka /z/ da /s/. Tambayar da amsarta i ce ko a'a, ita ce bit.

Na'urar kwantam kuwa da kubit take aiki, sunan da Benjamin Schumacher ya fara amfani da shi a rubuce a 1995. Kubit wani ɗan ƙaramin abu ne mai hali biyu da za a iya bambantawa, kamar ƙwayar zarra mai caji, ko ƙwayar haske, ko wata 'yar da'irar lantarki da aka sanyaya ƙwarai. Idan aka auna shi, 0 ko 1 ake samu, ba a taɓa samun wani abu na uku. Amma kafin a auna, halinsa yana iya zama haɗakar halayen biyu, kuma a nan ne harshe yake fara tuntuɓe.

Hausa tana da mahaɗai biyu da za a iya jarrabawa. Idan aka ce kubit 0 ne “ko” 1, an nuna ke nan cewa ɗaya ne daga cikinsu, jahilcin mai kallo ne kawai ya hana a sani, kamar kwabon da aka damƙe a tafin hannu. Idan aka ce 0 ne “da” 1, an nuna cewa za a iya ciro duka biyun a gani, alhali ba za a iya ba. Duka mahaɗan biyu sun gaza, kuma ba laifin Hausa ba ne, domin Ingilishi da Jamusanci ma haka suka gaza. Wani masanin harshe zai iya kwaɗayin kawo misalin karin faɗau, inda gaɓa ɗaya take ɗauke da karin sama da karin ƙasa, kamar a kalmar “kai” ta sashen jiki. Misalin yana da armashi a aji, amma ba ya kai gaci, don kuwa mai saurare yana jin kare-karen biyu ɗaya bayan ɗaya a cikin gaɓar, alhali mai auna kubit ɗaya tak yake samu, ɗayan kuwa ya ɓace masa har abada.

Tudu da kwari

Abin da ya raba kubit da kwabon da aka damƙe shi ne irin lambobin da ake siffanta shi da su. A lissafin yiwuwa na yau da kullum, kowane sakamako yana da lamba daga 0 zuwa 1, kuma hanyoyi biyu da suke kaiwa ga sakamako ɗaya sai dai su ƙara masa yiwuwa. A kwantam kuwa kowane sakamako yana da wata lamba dabam, wadda za a iya kira awon taguwa, kuma wannan lamba tana iya zama sama da sifiri, tana iya zama ƙasa da shi, har ma tana iya zama wata irin lamba da ta fi waɗannan wuyar bayani. Dokar da Born ya kafa a 1926 ta ce, idan aka ninka girman awon taguwa da kansa, a nan ake samun yiwuwar ganin wannan sakamako.

Wanda ya taɓa jefa duwatsu biyu cikin tafki ya ga ma'anar wannan da idonsa. Inda tudun taguwa ɗaya ya haɗu da tudun ɗaya, ruwan ya ƙara tashi. Inda tudu ya haɗu da kwari, sai ruwan ya kwanta kamar ba a jefa komai ba. Thomas Young ya nuna haske yana yin haka a farkon ƙarni na 19, ta hanyar ratsa shi cikin tsagogi biyu. A 1989 Akira Tonomura da abokan aikinsa a kamfanin Hitachi na Japan suka harba ilektaron ɗaya bayan ɗaya, kowane ya sauka a ɗigo guda, amma da ɗigogin suka taru sai ga zanen karon taguwa ya bayyana, da wuraren da kusan babu ilektaron da ya sauka.

Ga yadda abin yake a kubit ɗaya. Akwai wani aiki da ake yi wa kubit mai suna juyin Hadamard, sunan wani masanin lissafi Bafaranshe. Idan kubit yana halin 0 aka yi masa wannan juyi sau ɗaya aka auna, rabin lokaci 0 za a samu, rabin lokaci 1, daidai da wurga kwabo sama. To, kwabo in an wurga shi sau biyu, sakamakonsa yana nan a kan rabi da rabi. Amma kubit in aka yi masa juyin sau biyu a jere, ba tare da an auna a tsakani ba, kullum 0 ake samu. Dalili kuwa shi ne, hanyoyi biyu ne suke kaiwa ga 1: ko ta 0 a tsakiya, ko ta 1. Ta farko awonta rabi ne sama da sifiri, ta biyu rabi ne ƙasa da sifiri, tudu da kwari ke nan, sai suka kashe juna. Hanyoyi biyun da suke kaiwa ga 0 kuwa duka tudu ne, rabi da rabi suka haɗu suka cika ɗaya. In kuwa aka leƙa a tsakani aka ga hanyar da aka bi, karon ya rushe, kubit ya koma tamkar kwabo.

Duk fasahar tsara lissafin kwantam a wannan ɗan misali take. Mai tsarawa yana shirya juye-juye ne ta yadda hanyoyin da suke kaiwa ga amsoshin banza za su kashe juna, waɗanda suke kaiwa ga amsar da ake nema kuwa su ƙarfafi juna, domin in an zo awo a ƙarshe, amsar kirki ta fi yiwuwar fitowa. Inda matsala ba ta da wani tsari na ciki da za a iya shirya irin wannan karo a kansa, na'urar ba ta da wani abin a zo a gani.

Sarƙewa da ninkuwa

Kubit biyu suna da halaye huɗu da awo zai iya bayarwa: 00, 01, 10, 11, kowane da awon taguwarsa. Kubit 10 suna da 1,024, kubit 20 suna da 1,048,576, kubit 50 sun haura tiriliyan dubu, kubit 300 kuwa lambobin da ake bukata don siffanta su sun fi yawan ƙwayoyin zarra da aka ƙiyasta a duk sararin samaniyar da ake iya hange. Wannan ita ce ninkuwar da Feynman ya koka da ita, sai ga shi ta zama jari. Sai dai mai karatu ya riƙe cewa in an auna kubit 300, bit 300 kacal ake samu.

Abin da ya sa ba za a iya siffanta kowane kubit shi kaɗai a huta ba shi ne wani hali da Schrödinger ya sanya wa suna a 1935, da kalmar Jamusanci mai ma'anar harɗewa, kamar harɗe hannuwa. “Sarƙewa” ta dace da shi a Hausa. Ana iya shirya kubit biyu ta yadda awo zai ba da 00 ko 11 kaɗai, ba wanda ya san wanne zai fito, amma ba sa taɓa saɓawa ko da an nisanta su. Einstein bai gamsu da wannan ba, ya yi zaton akwai wani ɓoyayyen shiri tun farko. John Bell ya nuna a 1964 cewa ana iya gwada zaton, gwaje-gwajen John Clauser da Alain Aspect da Anton Zeilinger kuma suka goyi bayan kwantam, abin da ya kai su ga kyautar Nobel a 2022. Sarƙewa ba ta aika saƙo da saurin da ya wuce na haske, ko da yake ana yawan faɗar haka.

Ayyukan da ta dace da su

A 1994 Peter Shor, yana aiki a ɗakunan bincike na Bell, ya fito da dabarar da ta sa gwamnatoci suka fara sauraro. Akwai lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 ko da kansu, kamar 3 da 5 da 7 da 11, waɗanda za a iya kira lambobi gagara-rabo. Ninka biyu daga cikinsu abu ne mai sauƙi, amma in aka ba mutum sakamakon aka ce ya nemo iyayen, aikin yakan yi tsanani ƙwarai idan lambar ta yi tsawo. A kan wannan wahala Rivest da Shamir da Adleman suka gina tsarin kulle saƙo na RSA a 1977. Zaurance ne na lissafi, sai dai ya bambanta da zaurancen 'yan mata a dandali ta fuska ɗaya muhimmiya: kowa ya san ƙa'idarsa, mabuɗin kaɗai ne sirri. Lambar da aka saba amfani da ita a yau tana da alƙaluma 617. Don a ga nisan abin, a 2020 wasu masana suka warware wata mai alƙaluma 250, kuma aikin ya ci abin da ya kai kimanin shekara 2,700 in da ƙwaƙwalwar kwamfuta ɗaya ce ta yi shi.

Dabarar Shor ta mayar da neman iyayen lamba ya zama neman maimaici. A ɗauki 15. A riƙa ninka 2 da kanta, kowane karo a raba da 15 a riƙe ragowar: 2, 4, 8, 1, 2, 4, 8, 1. Jerin yana komawa farko bayan taki 4. Rabin 4 shi ne 2, kuma 2 sau 2 ya ba da 4. A rage 1 a sami 3, a ƙara 1 a sami 5, ga iyayen 15 sun fito. A babbar lamba, gano tsawon wannan maimaici shi ne abin da ya gagari kwamfutar yau, shi ne kuma ainihin irin aikin da karon taguwa ya ƙware a kai, domin taguwa kanta maimaici ce. Dabarar tana kuma karya wani tsarin kulle da ya dogara da lissafin lanƙwasassun layuka, wanda wayoyin hannu da shafukan intanet suke amfani da shi sosai.

Abin da ke cikin haɗari a nan ba ƙarami ba ne. Ɗan kasuwar da yake tura kuɗi ta waya, da asibitin da yake ajiye bayanan marasa lafiya, da ofishin jakadancin da yake aika rahoto gida, duk da irin waɗannan makullai suke dogara. Babu na'urar kwantam da ta kusa karya su tukuna. A 2001 masu bincike na IBM da Jami'ar Stanford suka gwada dabarar da kubit 7, kuma 15 ɗin nan ce suka warware. Amma ƙiyasin girman na'urar da ake bukata yana ta raguwa. A 2019 Craig Gidney da Martin Ekerå suka ƙiyasta kubit miliyan 20 cikin sa'a 8, a 2025 kuwa Gidney ya sauko da shi ƙasa da miliyan ɗaya cikin abin da bai kai mako ba. Har ila yau, mai leƙen asiri yana iya tara kullallun saƙonni yau ya ajiye, ya jira ranar da mabuɗi zai samu. Shi ya sa hukumar ma'aunai da fasaha ta Amurka ta buɗe gasar neman sababbin makullai a 2016, ta kuma fitar da ƙa'idoji uku na farko a watan Agusta na 2024. Waɗannan a kan kwamfutar da aka sani suke aiki, lissafin da ke ƙarƙashinsu ne aka sauya.

Dabara ta biyu da ake yawan ambato ita ce ta Lov Grover, ta 1996, wadda take neman abu a cikin tarin da ba shi da tsari. Inda za a duba kimanin rabin miliyan daga cikin miliyan, ita taki wajen dubu ya ishe ta. Ragi ne mai kyau, amma bai kama ƙafar na Shor ba, kuma jinkirin na'urar da kuɗin gyaran kurakuranta suna iya cinye ribar.

Amfanin da ya fi kusa da nufin Feynman shi ne lissafin sinadarai, kuma misalin da aka fi kawowa ya shafi gona. Kimanin kashi 78 cikin ɗari na iska naitirojin ne, amma tsiro ba ya iya shan sa kai tsaye. Hanyar da Fritz Haber ya nuna a 1909, Carl Bosch kuma ya mayar da ita masana'anta a 1913, tana bukatar zafi na digiri 400 zuwa 500 da matsi mai tsanani, kuma tana cin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na makamashin duniya, abin da yake cikin dalilan tsadar takin zamani. Amma manomin da yake shuka wake a tsakanin gero ya daɗe da sanin cewa ƙasa tana farfaɗowa bayan wake ko gyaɗa. Ƙwayoyin bakteriya da ke cikin ƙulle-ƙullen saiwar waɗannan tsirrai suna yin aikin Haber da Bosch a zafin gona, da taimakon wani sinadari mai suna naitirojines. A tsakiyarsa akwai wani dunƙule mai zarra 7 na ƙarfe, 9 na farar wuta, 1 na molibdinam, 1 na kabon, kuma ilektaron ɗin da ke cikinsa sun sarƙe ta yadda lissafinsu yake wahalar da kwamfuta ainun. A 2017 Markus Reiher na Zurich da wasu masu bincike na kamfanin Microsoft suka ƙiyasta abin da na'urar kwantam za ta bukata don nazarinsa. Ya kamata a faɗi wannan da taka tsantsan, domin fahimtar sinadari mataki ne guda, gina masana'anta a kansa kuwa tafiya ce mai nisa, kuma hanyoyin lissafi na kwamfutar yau su ma ba su tsaya cik ba.

Inda aikin ya kai

Babban abokin gāban kubit shi ne muhallinsa. An ga a sama cewa leƙe a tsakiyar lissafi yana rushe karon taguwa, to ba mutum kaɗai ne yake leƙe ba: ɗan zafi, ko girgiza, ko ɓataccen haske, duk suna yin aikin mai leƙe. Saboda haka na'urorin Google da IBM, masu amfani da da'irar lantarki, ana sanyaya su har su kusa digiri 273 ƙasa da sifiri, sanyin da ya fi na sararin samaniya. Gwaje-gwajen da John Clarke da Michel Devoret da John Martinis suka yi a Berkeley a 1984 da 1985 ne suka share fagen irin wannan da'ira, aka kuma ba su kyautar Nobel a 2025. Wasu kamfanoni ƙwayoyin zarra suke tsarewa da hasken leza, wasu kuma da ƙwayoyin haske suke aiki, ba a kuwa san wadda za ta yi rinjaye ba.

A 2019 Google ya ba da sanarwar cewa na'urarsa Sycamore, mai kubit 53, ta yi cikin daƙiƙa 200 wani aiki da zai ɗauki babbar kwamfuta shekara 10,000. IBM ya musa, ya ce kwana biyu da rabi sun isa, daga baya kuma wasu masana suka rage tazarar ƙwarai da sababbin dabaru. Aikin kansa ba shi da wani amfani sai nuna gwaninta.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne gyaran kuskure. Kwamfutar yau tana kare bayani ta hanyar kwafe shi, amma Wootters da Zurek, da kuma Dieks, sun tabbatar a 1982 cewa ba a iya kwafe halin kubit da ba a sani ba. Shor ne ya sake samo mafita a 1995, Andrew Steane ma ya kawo tasa a 1996: a baza bayanin kubit ɗaya a kan kubit masu yawa da suka sarƙe, a riƙa tambayar ko maƙwabta sun saɓa wa juna ba tare da an tambayi abin da kowane yake ɗauke da shi ba. Sharaɗin shi ne kurakuran kowane kubit su yi ƙasa da wani mizani, in ba haka ba ƙarin kubit ƙarin ɓarna ne. A watan Disamba na 2024 Google ya nuna, da na'urar Willow mai kubit 105, cewa duk sa'ad da aka faɗaɗa rukunin, kuskuren yakan ragu da kusan rabi.

Wannan ya haifar da wani bambanci da mai fassara labari ya kamata ya kiyaye, don kalma ɗaya ake amfani da ita ga abubuwa biyu. Akwai ɗanyen kubit, watau wanda aka ƙera, mai yawan kuskure. Akwai kuma gyararren kubit, wanda ake haɗawa daga ɗanyu masu yawa, wani lokaci ɗaruruwa ko fiye. Na'urar Condor da IBM ya nuna a Disamba 2023 tana da kubit 1,121, amma duka ɗanyu ne. Babban rukunin da aka gwada a Willow kuwa ɗanyu kusan 100 ya ci kafin ya ba da gyararre ɗaya, shi ma ajiyar bayani kawai ya yi, bai yi lissafi ba. Dabarar Shor a kan lamba mai alƙaluma 617 tana bukatar gyararru fiye da dubu, su yi ta aiki kwanaki ba tare da sun kauce ba.